Jinkiri Shi Ke Kashe Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Sau da yawa a ƙauyukan Bagwai da gefen tafkin Watari akan ji an ce wane ya faɗi a gona ko a kasuwa, bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa sun saki, magana ta sarƙe. Sai a ce iska ce ko jifa, a kwantar da shi a ɗaki, a kwana biyu ana jiƙe-jiƙe. Lalle wannan kuskure ne babba.

Galibi asalin cutar gudan jini ne da ke toshe jijiyar da ke shayar da ƙwaƙwalwa. Likitoci sun ƙiyasta cewa a kowane minti ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ke mutuwa. Tun shekarar 2015, bayan gwaji a ƙasar Holan da wasunta, aka tabbatar da wata hikima, watau a zura siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin kai, a zaro gudan. Amma fa ko a ƙasashen Turawa, cikin mutum 100 da aka yi wa aikin, kimanin 15 kan rasu kafin wata 3.

To, su wane ne suka fi rasuwa? Akwai tsofaffi ƙwarai, da wanda cutar ta buge da ƙarfi tun farko, da mai ciwon sukari, da mai ciwon zuciya. Akwai wanda jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa bayan aikin. Sa'an nan akwai wanda aka kai a makare, da wanda ruwa ko kunu ya sauka a huhunsa ya zama namoniya. Tsufa ba shi da magani, amma biyun nan na ƙarshe a hannun dangi suke.

Saboda haka haƙƙi ya rataya a wuyan malamai, domin su ake fara kira. Malami ya yi addu'a, sa'an nan ya umarci a nemi mota nan take. Kada ya yarda a ɗura wa wanda ba ya iya haɗiya rubutu ko fura. Allurar narkar da gudan jini ba ta wuce awa 4 da rabi, aikin bututu kuwa ya fi amfani cikin awa 6, kuma ba kowane asibiti ke yinsa ba. Kafin duka biyun sai an ɗauki hoton kai a manyan asibitocin Kano. Wanda ya kwana a Bagwai yana jiran gobe ya yi asarar da ba ta mayuwa.

'Yan kasuwa kuma su lura. Binciken da aka yi a Nijeriya da Gana, har da Asibitin Malam Aminu Kano, wanda aka buga a 2018, ya nuna hawan jini ne ummulhaba'isin cutar. Ɗan kasuwar da ke auna hatsinsa kowace ranar kasuwa, bai kamata ya shekara bai auna jininsa ba. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya sa a gane, amin.