Allon 50 ba na Faransa ba ne

Daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, a zarce Cadawa, Agye da Gazawa kafin Tasawa, babbar hanyar ƙasar Nijar mai lamba 1 ta tsakiyar garuruwa take ratsawa, kasuwa dama, makaranta hagu. Amma ra'ayin da ya yi kaka-gida a tashoshin mota shi ne allon ƙayyade gudu tarkacen Nasara ne, kuma ba allo ke hana ajali ba. Wannan magana lalaci ne da aka naɗa wa rawanin kishin ƙasa.

A dubi allon da kyau: da'ira mai jan baki, da lamba a ciki. Ina Faransanci a nan? Siffar da yarjejeniyar Biyena ta 1968 ta tsayar ke nan, don direban da ya shigo daga Katsina ta Ɗan Isa ya fahimci abin da na Damagaram ya fahimta, ko da bai taɓa zama a aji ba. Wanda ke ƙirga jaka goma ba kuskure ba zai ce 50 ta gagare shi ba. Masu kafa hujja da Amurka da Ingila, waɗanda har yau da mil suke awo, su tuna Najeriya, da Ingilar ta raina, ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972 don ta dace da maƙwabtanta, Nijar a ciki.

Batun ajali kuwa, ai sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 kowace daƙiƙa. A 50, kusan mita 14. In gudu ya ninka, nisan da birki ke bukata ninkawa yake sau huɗu. Amalanken jaki da ya ɓullo daga gona da magariba, ba fitila, a wannan tazara ransa yake.

Hujja ɗaya ce mai nauyi: allo ba ya kama kowa, shi ya sa mutanen gari suka fi yarda da tudun rage gudu. Gaskiya ne. Sai dai tudun da ba allon gargaɗi a gabansa tarko ne ga ɗan kabu-kabu da dare, kuma ba a tsayar da direba a ce ya wuce ƙa'ida alhali ba a kafa ƙa'idar a bakin hanya ba. Sai allon yana tsaye jandarma ke da abin nunawa in ya yanka tara.