Kwana 21 ɗin nan namu ne

Ya ku mutanen Bodinga da Sifawa da Danchadi, ya ku mutanen Shagari da ƙauyukan bakin dam, akwai dokar da ke tsaron gonakinmu wadda yawancinmu ba mu taɓa jin labarinta ba, ga shi kuwa an daɗe ana neman yi mata kwaskwarima a Abuja.

Tun 1992, zamanin Janar Babangida, aka kafa Doka ta 86. Ta ce ba a fara babban aiki, dam ne ko babbar hanya ko filin jirgin sama, sai an binciki abin da zai jawo wa ƙasa da ruwa da mazauna wurin. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke duba rahoton. A ƙa'ida kuma ana baje shi kwana 21 na aiki a ma'aikatar muhalli ta jiha da sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa, domin mai ƙorafi ya kawo.

An sha kai ƙudurin sabunta dokar gaban Majalisar Tarayya. Masu zuba jari da 'yan kwangila kukansu ɗaya ne, wai takardu na cinye musu lokaci. Ko a Amurka an yi wannan kuka, har majalisarsu ta yanke a 2023 cewa babban bincike kada ya wuce shekara 2, ƙarami kuma shekara 1.

To mu ma ai muna son sauri. Wanda ya taɓa ɗauko lodin albasa ko gero a hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal da Jega ba sai an gaya masa darajar hanya mai kyau ba. Amma a ina jinkirin yake? Fayil kan yi wata da watanni a kan teburin wani babba yana jiran sa hannu. Can ya kamata a zaftare. Abin tsoro shi ne idan aka tashi rage lokaci, rabon talaka aka fi saurin taɓawa, don shi ba ya da lauya a Abuja.

Ku tambayi dattawa labarin Bakolori. An gama dam ɗin a 1978 kusa da Talata Mafara, lokacin tana cikin jihar Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, ba kuwa wata doka a wancan zamani da ta tilasta a saurari manomi. Ruwa ya ci garuruwa da gonaki, diyya ta maƙale, waɗanda aka tayar suka rasa inda za su kafa garma. Da tura ta kai bango suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Masu fadama a ƙasan gulbin Sakkwato su ma sun ɗanɗana, domin ruwan da kan malalo musu kowace damina ya ja baya, shinkafa da kifi suka ragu. Kuma ku lura, a ranar ɗan garin Shagari ne ke kan kujerar shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Shagari, Allah ya jiƙansa, aikin kuwa gadonsa ya yi daga soja. Samun naka a sama bai hana ɓarnar aikin da aka ƙulla ba da shawararka ba.

Manyan ayyuka kuma sun sake dosowa. A watan Oktoban 2024 aka ƙaddamar da hanyar Sakkwato zuwa Badagry daga Illela, kilomita 1,068. Takwararta ta Legas zuwa Kalaba ta sha suka cewa motocin aiki sun riga rahoton muhalli isa fili.

Saboda haka ku tashi. Duk ranar da kuka ga baƙi suna awo suna kafa turaku a gona, ku je sakatariya ku ce a nuna muku rahoton. Malaman makaranta da ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ku karanta shi ku warware wa jama'a a ƙofar masallaci da ranar kasuwa. Iyayen ƙasa da hakimai, ku sa a rubuta kowace fadama da burtali da mashaya da maƙabarta tun kafin a zo. Makiyaya, bakinku na ciki. Mata masu ɗebo ruwa da itace, ku kuka fi kowa sanin rijiyar da za ta ƙafe, kada a yi taron ba ku.

Sannan ku aika wa sanatan Sakkwato ta Kudu da 'yan majalisar wakilai na Yabo da Shagari, da na Bodinga da Dange-Shuni da Tureta, saƙo a rubuce. A yanka wa ma'aikata wa'adi, mun yarda. Kwana 21 kada a rage ko ɗaya. A wajabta fitar da taƙaitaccen rahoto da Hausa, da boko da ajami, a karanta shi a Rima Rediyo. A yi taron jin ra'ayi a cikin garin da aikin zai ratsa, ba a otal a birni ba. A biya diyya kafin katafila ta taka gona. Ku sa hannu, mai dangwale ya dangwala, ku riƙe kwafi ɗaya a wurin mai unguwa.