Ba roƙon sadaka Daumier ya zana ba

Akwai wata al'ada da ta kama mu, mu malaman Faransanci, wadda ya kamata a yi mata magana. Duk lokacin da aka kai darasin Faransa ta ƙarni na 19, sai a ɗauko hoton tarago mai daraja ta uku na Honoré Daumier, a ɗaga wa ɗalibai, a ce: «Ku dubi yadda mai zane ya tausaya wa talakawa.» Yara su rubuta, a wuce. Wannan fassara ta ragwanci ce, kuma tana rage wa mutumin daraja.

Da fari dai, hoton ba shi kaɗai ba ne. A 1864 Daumier ya yi zane uku da tawada da gawayi da ruwan launi: tarago na ɗaya, na biyu, na uku. Yau suna gidan adana kayan tarihi na Walters a Baltimore, ƙasar Amurka. Wanda ya ɗauki ɗaya ya bar biyu, tamkar ya saurari mai ƙara ne ya yanke hukunci. A tarago na ɗaya mutum huɗu ne, kowa da filinsa, kowa da nasa tunani. A na uku benci na katako ne, kai bisa kai. Abin da aka auna a nan wuri ne: faɗin mazaunin da kuɗin tikiti ke saya wa jikin mutum.

Sannan ku dubi tsohuwar da ke tsakiya, hannuwanta bisa kwando. Gefenta mace tana shayar da jariri, ɗaya gefen yaro ya yi barci. Ina hawaye? Ina hannun da aka miƙa? Tsohuwar ta zauna daram, fuskarta ba ta neman komai wajen kowa. Bayanta kuwa, cikin cunkoson, akwai maza masu doguwar malafa irin ta ƴan birni. Ashe tufa ba ta isa shaida ba. Mai malafa ma aljihunsa na iya jefa shi bisa katako. Malamin da ya ce «ga matalauta» ya share waɗannan maza daga hoton da bakinsa.

Masu mayar da kowane layin alƙalaminsa kiran tawaye su ma sun yi gaggawa. Gaskiya ne an ɗaure shi wata shida a 1832 saboda zanen Gargantua, inda ya yi wa sarki Louis-Philippe ba'a, kuma dokokin Satumba 1835 sun tilasta masa barin sarakai ya koma kan lauyoyi da ƴan kasuwa. Amma wa ya yi odar taragan nan uku? William Walters, attajirin Amurka da ya tara dukiya da cinikin barasa, ya kuma zuba kuɗi a harkar jirgin ƙasa. Mai wannan sana'a ya biya, ya ajiye, bai ji an soke shi ba. Wannan tambaya ce da ta cancanci awa guda a aji, ba a yi ta.

Za a ce ɗalibanmu na Maraɗi da Damagaram ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba. To, sun san wanda ke zama gaban mota kusa da direba, sun san wanda ke hawa bisa buhuna, sun san bambancin kuɗin. A aza musu zanen uku jere bisa allo, a hana su kalmar «tausayi», a ce su ƙirga kawuna a kowane tarago.