Karatun Likitan Dabbobi: Sunan Jami'a Ba Ya Warkar da Saniya

Daga Indabo zuwa karar Wudil babu nisa, kuma duk wanda ya leƙa can ranar Juma'a ya ga irin dukiyar da ke tsaye kan ƙafa huɗu. Amma idan yaronmu ya tashi neman karatun likitan dabbobi, abin da iyaye ke tambaya bai wuce wace jami'a ta fi suna ko ta fi kusa ba. Wannan sakaci ne.

Masu cewa digiri ai digiri ne, shekara shida ce ko'ina, rabin gaskiya suka faɗa. Ɗalibin da ya sa hannu a jikin saniya mai sammore ko ciwon huhu ba ɗaya yake da wanda ya gan ta a littafi ba. Mai sha'awar kiwo da hayayyafa ya dubi Zariya, inda ABU ke da cibiyar NAPRI a Shika, wadda ta samar da kajin Shika Brown. Mai son binciken cututtuka da rigakafi ya tuna Jami'ar Jos maƙwabciyar Vom ce, cibiyar da ke wannan aiki tun 1924.

Kafin a cika fom ɗin JAMB, a je asibitin koyarwar a tambaya: shanu nawa aka duba watan jiya, karnuka nawa, kuma sau nawa ake kai ɗalibai ruga?