Zuwa ga Matasa Masu Haɗa Fitilu a Dutsin-Ma da Kurfi



Na yaba da ƙwazonku. Gidaje da yawa da wutar lantarki ba ta kai gare su ba, fitilunku na sola ke haska su. Allah ya yi albarka.

Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro ya samo ƙwan fitila mai shuɗin haske, ya liƙa masa 'yar fanka, ya ce wai ya ƙirƙiro fitilar da ke tsabtace iska, har yana barazanar kai abokin sana'arsa ƙara don ya kwaikwaye shi. To, me ya ƙirƙiro? Tun a shekarun 1930 wani mai suna William Wells yake rataya fitilun UV masu tsabtace iska a azuzuwa a Amurka don rage yaɗuwar ƙyanda.

Dokarmu ta 1970 kan haƙƙin ƙirƙira tana neman abu ya zama sabo, kuma kada ya zama wanda duk masanin sana'ar zai hango da kansa. A 2007, a shari'ar KSR da Teleflex, Kotun Ƙolin Amurka ta nuna cewa haɗa sanannun abubuwa, kowanne yana yin aikinsa na da, da wuya ya zama ƙirƙira. Kada takardar rajista daga Abuja ta ruɗe ku: ofishin ba ya binciken sabuntar abin, kuma kotu na iya soke ta.

Magabatanmu da ke ƙera aci-bal-bal da gwangwani ba su taɓa cewa su suka fara ba. Kowa sai ya ambaci maigidan da ya koya masa kafin ya yabi kansa. Ina wannan kunya ta tafi?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wasa da lafiyar mutane. Hasken UV-C mai kashe ƙwayoyin cuta yana ƙona ido da fata, bai dace a haska shi kai tsaye a kan yara ba. Haske kuma ba ya kwashe ƙurar hunturu, wannan aikin matatar iska ne. Sayar wa mai asma fitila da sunan magani zalunci ne.

Ku yi haƙuri da kaushin harshena, ƙauna ce. Kafin ku yi iƙirari, ku kai abin da kuka haɗa wa malaman kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su duba. Ku faɗa wa mai saye gaskiyar abin da fitilar ke yi, ku tsaya nan.

Wassalam,
Babanku a sana'a, daga Kurfi.