Katin Inshorar Lafiya: Mun Biya, Amma Ina Iyakarsa?

'Yan'uwa ɗalibai, kowa ya ɗauko takardar biyan kuɗin makarantarsa ya duba. Tsakanin kuɗin laburare da na wasanni, akasarin manyan makarantun ƙasar nan suna saka wani layi na kuɗin lafiya, wasu su rubuta TISHIP ƙarara. Da yawanmu biya kawai muke yi don a buɗe mana shafin rajista, ba mu taɓa tambayar me muka saya ba. Alhali inshora ce, ba sadaka muka bayar ba.

TISHIP shiri ne na inshorar lafiya da aka ware wa ɗaliban jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Ya fito ne ƙarƙashin NHIS, wadda aka kafa da dokar 1999 amma ba ta fara aiki sosai ba sai 2005. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, inshorar lafiya kuma ta zama wajibi a kan kowane ɗan Najeriya. Wajibi a takarda ke nan. A zahiri, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa.

Wani zai ce shi babansa ma'aikacin gwamnati ne, yana cikin inshorar gidansu. Ɗan'uwa, sake lissafi. Tsarin ma'aikata yana ɗaukar ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu ne kawai, su ma 'yan ƙasa da shekara 18. Mu nawa ne a ajin ND1 ba mu kai 18 ba? Ke nan ga yawancinmu, wannan ɗan layin na cikin rasit shi ne kaɗai abin da ya tsaya tsakaninmu da kemis ɗin bakin get.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Kilinik ɗin makaranta shi ne zangon farko: zazzaɓin cizon sauro, taifot, ciwon ciki, rauni a wurin aikin hannu. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu sai su tura ka babban asibiti, a nan kuma sai an samo lambar izini daga kamfanin da ke riƙe da inshorar, waɗanda ake kira HMO, kafin asibitin ya yarda za a biya shi. A wannan lambar ake yawan samun cikas. Mara lafiya na kwance, ana buga waya ba a ɗauka, abokan ɗaki sun fara yawo da takarda ana karo-karo. Ɗalibin da bai san sunan HMO ɗinsa ba, bai riƙe lambar wayarsu ba, da shi da wanda bai biya komai ba duk ɗaya suke a ranar.

Amma babbar damuwata ba cikin makaranta take ba. Ɗalibin poli ba mazauni ba ne. Bayan ND1 akwai SIWES na wata huɗu, wani a Kaduna, wani a Legas, wani a garejin kawunsa a Gusau. Wanda ke karanta injiniyan lantarki ko na injina, a lokacin ne ya fi kusa da haɗari, yana gaban na'ura ko saman turken wuta, kuma a lokacin ne ya fi nisa da kilinik ɗin da sunansa yake. Ga dogon hutu, ga yajin aiki idan ya zo. Sai kuma shekara guda ta koyon aiki tsakanin ND da HND, wadda ba a biyan kuɗin makaranta a cikinta. Ba ka biya ba, wa zai rufa maka baya? Ba ka zama ma'aikaci ba, ba ka tafi bautar ƙasa ba, makaranta kuma ta sallame ka. Wannan gibin ya kamata a ce an daɗe da yin magana a kansa.

Ku dubi yadda Turawa suka warware irin wannan. Suna da wani kati, EHIC, wanda kyauta ake bayarwa ga duk mai inshorar ƙasarsa. Ɗalibi ɗan Faransa da ya je zangon karatu ɗaya a Jamus, idan ya kwanta ciwo zai nuna katin a asibitin gwamnati a duba shi bisa sharuɗɗan da ake duba ɗan ƙasar, daga baya hukumomin ƙasashen biyu su sasanta kuɗin a tsakaninsu. Yana aiki a ƙasashe 27 na Tarayyar Turai da wasu 'yan maƙwabta irin su Norway da Switzerland. Bai haɗa da asibitin kuɗi ba, ba ya kuma biyan jirgin mayar da mutum gida. Duk da haka yana tsallaka iyakar ƙasa, mu kuwa muna roƙon namu ya tsallaka daga Kano zuwa Zariya ba tare da jayayya a teburin karɓar kati ba.

Masu burin fita waje bayan HND kuma su sani, katinmu a filin jirgi aikinsa yake ƙarewa. Bizar Schengen ba ta samuwa sai da inshorar tafiya da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000. A Ingila, tun Fabrairun 2024 ɗalibi na biyan fam 776 na kowace shekara kafin ya samu damar amfani da asibitocin NHS, kuma tare da kuɗin biza ake biya, gaba ɗaya. Ko nan Maraɗi ka leƙa ziyara, sefa za ka ciro.

Abin da nake so ƙungiyarmu ta ɗalibai ta yi ba sai an rufe get ba. Ta nemi hukumar makaranta ta liƙa a ƙofar kilinik da kowane ɗakin kwana sunan kamfanin da ke riƙe da mu, lambar da ake samunsu ko da tsakar dare, da jerin abin da inshorar ta ɗauka da wanda ba ta ɗauka ba. Ta nemi amsa a rubuce, da sa hannu: ɗalibin da ke SIWES a wata jiha, wane asibiti zai je, me zai nuna? Kuma daraktan walwala na ƙungiya ya riƙa ganin lissafin kowane zango, nawa aka tara, ɗalibai nawa aka tura babban asibiti, nawa aka biya musu. Kafin masu tafiya SIWES na bana su karɓi takardunsu ya kamata amsar ta fito.