Cikinka ma gona ce

Ƴan uwa manoma, ku tumɓuke wake guda cikin gonarku, ku dubi saiwarshi. Za ku ga ƴan ƙulle-ƙulle kamar tsabar dawa. A cikinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shi ya sa hatsi ke kyau inda aka noma wake bara.

To, dangin waɗannan halittu suna nan cikin hanjin kowa, dubu bisa dubu. Ba duka ne na ciwo ba. Mafi yawansu barorinmu ne. Su ke narkar da dusar hatsi da ganye da wake, abin da tumbi bai iya ba. Su ke tare wuri, har miyagun ƙwayoyi masu sa zawo su rasa mazauni.

A shekara ta 2010 masana sun gwada yaran wani ƙauye na Burkina da yaran wani birni na Italiya. Yaran ƙauyen, masu cin hatsi da dawa da wake kamar namu, sun fi yaran birnin yawan ire-iren halittun nan masu amfani. Ashe hurarmu da nono mai tsami da kwaɗon zogala ba abin rainawa ba ne.

Amma ga abin da ke damuna. Daga Tsibiri har Jiratawa, da yaro ya fara zawo, sai a saya mashi kafso wurin mai tallar magani. Kafso bai san na kirki ba, bai san mugu ba. Wanne cikinku zai sa wa gona wuta don ya ga ƙuduji guda?

Mafi yawan zawon yara ba ya son kafso. Ruwan jiki ke ƙarewa. Ku ba yaro ruwan gishiri da sukari na gidan likita, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Uwa ta ci gaba da ba shi mama. In kun ga jini cikin kashi, ko zawo da amai babu tsayawa kamar lokacin kwalara ta 2018 a Madarumfa, ku kai shi likita nan take. Likita ne ya san inda kafso ya dace.

Mata kuma, kada surfe ya yi yawa, ku bar wa hatsi ɗan dusarshi. Kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya dama hura.

Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.